Hular da Orazali Bai Taɓa Sawa Ba

Kowace safiya, kafin jirgin Alma-Ata ya iso 'yar tasharmu, Orazali-aga, wato yaya Orazali, ya riga ya share dandamali, ya dafa shayi, ya tsaya yana duban fuskar duk mai sauka. Jirgin ƙasan ba ya daɗewa a nan, amma shekara arba'in ke nan bai wuce ba tare da idon Orazali a kansa ba. A watan nan zai ajiye aiki, ƙafa ta ƙi.

Da aka gama yaƙi da Jamus, an kafa mana gundumar soja tamu ta kanmu, hedikwatarta a Alma-Ata. Ko shekara ba ta cika ba aka rushe ta, aka mai da mu hannun Tashkent. Yau ka tambayi yaro labarinta, sai ya yi maka kallon wanda ya sha nonon goɗiya mai bugarwa ya yi masa yawa. A ƙarƙashin gundumar nan aka ba Orazali doki, lokacin yana saurayi mai ɗingishin harsashi, aka ce ya riƙa riga sojojin da aka sallama isa ƙauyukansu. Da an hango ƙurarsa sai mata su fito, shi kuwa yana kiran "Suyinshi", wato "albishirinku", a miƙa masa goron albishir kafin ma ya faɗi suna.

Da gundumar ta mutu aka karɓe dokin. Orazali ya nemi shara a tasha, ya ci gaba da kai albishir a ƙasa, don har bayan shekaru ana ta dawowa daga asibitoci da sansanoni. Tsofaffinmu sun shaida ranar da ya keta ƙanƙara har gwiwa don ya hana wata mata yi wa mijinta sadakar mutuwa.

A gidanmu ne bai taɓa tsayawa ba. Wata rana kakata Ulbosin ta tare shi da hular fatar dila ta babana Seyitkali, wanda ya tafi yaƙi ina cikin mahaifiyata.

"Ungo tukwicinka, ɗan nan."

"Apa, uwata, ai sai an kawo labari ake karɓa."

"Na sani, gurgun banza. Na biya tun yau, sai ka san yadda za ka yi da ni."

Ya karɓa, ya cusa a cikin riga. Kakata ta rasu tana jiran ƙurarsa.

Orazali-aga, kai ne tarihin gundumar nan, kai kaɗai ka rage mata. Kai ne ka ƙi yarda an sallame ka muddin akwai wanda bai dawo ba. Ina kewar uban da ban taɓa gani ba, kuma duk sanda na hango ka a tasha sai in ji kamar yana hanya. Na gode. Matasanmu, ga wanda za ku yi koyi da shi: an rushe ofis, shi bai rushe alkawari ba.

Jiya ya kira ni, ya ciro hular, gashinta duk ya zube.

"Karɓi kayanku, ƙanena. Ban ci ladanta ba."

Na kalli hular, na mayar da hannuna aljihu.

"Aga, in na karɓa, shi ke nan babana ba zai zo ba."

Ya mayar da ita cikin riga. Sannan ya tambaye ni ko zan iya riƙe shi zuwa tasha gobe da safe.