Durowar da Aka Ce Tana Cijewa

Shagona yana bakin hanyar Karshi, rumfar kwano ce da benci huɗu. A nan nake koya wa matasa kafinta. Ina da faɗa, ban taɓa musu ba. Kuma ina da doka ɗaya: ba a rubuta suna a jikin aiki. Haka maigidana ya koya mini. Cewa yake wanda ya san katako zai gane hannun mai shi, rubuta suna kuwa rawar kai ce.

Cikin waɗanda na koyar akwai wata yarinya 'yar Filato, uwarta na sayar da lemo a kasuwar Zuba. Ranar da ta fara zuwa na yi mata dariya, na ce zarto ba muciya ba ne. Wallahi kafin shekara biyu ta rufe mini baki. In ta haɗa katako biyu, ko da farce ba ka gano mahaɗar.

Akwai wani kamfanin kujeru da gadaje a cikin gari da ke ɗaukar sababbin ma'aikata. Ba ruwansu da takarda, abin da ka yi da hannunka ake kai musu. Foman ɗin wurin, wato shugaban ma'aikata, abokina ne. Gida ɗaya muka yi koyo, kwano ɗaya muka ci, maigida ɗaya ya zane mu. Ya ce in ba shi aikin yarinyar ya shigar da kansa, don ta hannunsa ya fi saurin isa gaban oga. Sati uku ta yi tana haɗa teburin katakon madaci mai durowa biyu, babu ƙusa ko ɗaya. Ni da kaina na ɗora shi a motarsa.

Bayan kwana goma ya kira ni. Ya ce, “Ka yi haƙuri, ba su ɗauke ta ba. Durowar hagu tana cijewa. Ka ba ni kunya a gaban mutane.”

Kai! Jini ya hau mini ka. Ban ce ya dawo da teburin in gani ba. Ban tuna cewa na ja durowar nan da hannuna, ta fito sumul ba. Abokina ya faɗa, shi ke nan. Na juya kan yarinyar a gaban sauran masu koyo na wanke ta tas. Na ce ta zubar mini da mutunci, na ce gara ta koma ta taya uwarta ƙirga lemo. Ta goge cizal ɗinta, ƙarfen sassaƙa katako, ta mayar da shi mazauninsa. Washegari ba ta zo ba, ni kuma girman kai ya hana ni nemanta.

Wata biyu bayan haka sai ga abokina a shago, da wani saurayi mai laushin tafin hannu. Ya ja ni gefe yana 'yar dariya. Wai ƙanen matarsa ne, an ɗauke shi a kamfanin, amma oga ya ce ya sake yin irin teburin da ya kawo, shi kuwa ya kasa. Ko zan riƙa koya masa ran Asabar? Ya nuna mini hoton teburin a waya.

Na gane shi tun kafin ya gama miƙo wayar.

Na ce, “Wannan ai na yarinyata ne.”

Ya ce, “Haba ɗan'uwa, ai babu suna a jiki. Ita mace ce, gobe za ta yi aure ta bar sana'ar. Wannan kuwa gida zai riƙe.”

Abin da na faɗa masa ba zai rubutu ba. Shekara talatin ina kiran mutumin nan ɗan'uwa. Ya san dokata, ya san zan yarda da bakinsa, da su biyun ya yanka ni. Har yau in na tuna, abinci fita kaina yake.

Na je kamfanin, mai gadi ya ce sai da izinin foman ake shiga. Daga nan na hau mota zuwa Zuba. Na sami yarinyar a bayan tulin lemo tana ɗaure wa wata mata a leda. Na tsaya kamar wanda ya zo roƙo, na kwashe komai na gaya mata. Na ce durowarta lafiya lau take, ta dawo shago, zan nema mata wani wurin.

Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “Oga, na san lafiya take. Kai ma ka sani, a gabana ka ja ta. Shi ɓarawo ne, ban san shi ba, bai dame ni ba. Kai ne ka koya mini.”

Ta juya ta ci gaba da sallamar mai sayen lemo. Ba ta dawo ba.