Buzun Maniru

Ranar Larabar nan ta 1982, ɗana Maniru ya bi ni sallar asuba a gidanmu na Bodinga, hannuwansa a sake kamar kullum. Da hantsi ya kwance keken ɗinkin uwarsa Safinatu, ya mayar da shi yana aiki. Haka yake tun yana ƙarami, ba ya ganin abu ya lalace ya wuce. Shekararsa ta biyu ke nan a kwaleji, yana karatun lissafi.

Bayan azahar ya faɗa mini abin da ya kawo shi gida. Wasu ɗalibai, da jagoransu Kabiru, sun karɓe masallacin kwalejin, sun ce duk wanda bai ɗora hannu a ƙirji ba kada ya shiga sahu. Sau biyu suna fitar da shi.

Na ce, "Ɗora hannun mana. Wa ya san abin da ke zuciyarka? Ƙasa ta yi tsanani, takardarka nake so."

Ya ce, "Baba, in hujja ta gamsar da ni, gobe zan ɗora. Amma don tsoron Kabiru mai warin safa?"

Na yi dariya. Na zaci mun gama.

Da la'asar ya naɗe buzunsa, ya hau mota zuwa Shagari wurin kawunsa Mainasara, manomin albasa, wanda ya koya masa salla lokacin da nake jami'a. Ni na saya masa littattafai, na raka shi kwaleji da kaina. Amma duk maganar da ta yi masa nauyi, can yake kai ta.

Washegari motar da ta ɗauko shi ta kife kusa da Sifawa.

A zaman makoki na tambayi Mainasara shawarar da ya ba shi.

Ya ce, "Wace shawara, Malam? Albasa munka cire. Da munka tashi salla na ce ya ja mu."

"Yaya ya riƙe hannunsa?"

"Ban duba ba."

Da ni ne, da na duba. Abin da har yau nake jin zafinsa ke nan: yaron ya san wanda ba zai duba ba, ya tafi wurinsa.

Littattafansa na aika wa abokan karatunsa. Rigunansa ƙannensa suka raba. Buzun a Shagari ya manta shi, Safinatu kuma ta ce a bar wa yayanta, ba ta tambaye ni ba. Ni katin shaidarsa na kwaleji aka miƙo mini.