Jakin da Ya Sha Maganin Baba

Bayan babban fari da ƴan shekaru Baba ya fara mantuwa. A Tarka muke lokacin, ni da yayata, kowace da gidan aurenta, muna karɓa-karɓa wajen kula da shi. Sai ya ci tuwo ya wanke hannu, sannan ya tambaya yaushe za a kawo abinci. Wata rana ya gaishe ni da ladabi, ya tambaye ni ƴar gidan wa ce.

A daidai lokacin tsohon jakinsa ma ya rikice. Jakin da ke dawowa daga rijiya ba mai kora, sai ga shi yana wuce ƙofar gida, ya je ya tsaya gaban rumbun maƙwabcinmu. Yaya ta ce ai ciwonsu ɗaya.

Ran kasuwa ta sayo wasu saiwoyi, wai suna dawo da hankali. Na ce ba za a ba Baba abin da ba mu sani ba. Muka yi ta musu, har ta ce to a fara gwadawa kan jakin. Muka jiƙa, muka cuɗa masa da dusa. Kullum da safe sai mu sake shi a bakin rijiya, mu biyo bayansa da tuluna a ka, muna kallon inda zai nufa. Hanya dai bai gane ba. Zawo ya samu, har maƙwabcin ya zo da kansa ya yi ƙorafi.

Ana cikin haka kawunmu, mai yi wa dabbobi allura a Tanut, ya kawo ziyara. Muka ba shi labari. Da ya gama dariya ya ce ba wauta muka yi ba, likitocin Turai ma da ɓeraye da birai suke farawa don su gane abin da ke ɓata ƙwaƙwalwar tsofaffi. Sai dai su sukan fara bincika abin da ke damun dabbar. Ya kama kan jakin, ya buɗe masa ido.

"Yanar ido ce ta rufe masa gani. Hankalinsa ƙalau."

Yaya ta zubar da sauran saiwoyin ba tare da ta dube ni ba.

Baba bai warke ba, amma ya daɗe tare da mu, da cinsa da dariyarsa. Daga baya Yaya ta koma gidan Baba da zama. Ya riƙa kiranta Inna, yana zaton mahaifiyarsa ce, ita kuwa tana amsawa, har ta yi masa faɗa in ya fita rana ba hula.