Talabijin ɗin Tsohon Tela

Shekara arba'in ya yi yana ɗinki a bakin titi, har ido ya gaza ya dawo gida. Bara matarsa ta rasu. Da 'yarsa ta aiko masa da sabon akwatin talabijin, sai ta kira shi tana koya masa saitawa.

"Baba, danna maɓallin tsakiya ka zaɓi harshe, sannan ka bar shi ya nemo tashoshi."

Tuni ya gane, amma ya dinga cewa, "Wanne kika ce, uwata?" don dai hirar ta yi tsawo.

Tashoshi sittin suka fito. Ta ce aiki na jiranta, suka yi sallama. Ya rage murya, ya zauna riƙe da wayar har la'asar.