Sana'ar Kawu Ba-Komai

Kawuna makanikin keken ɗinki ne a kamfanin ɗinka kayan makaranta. Ana ce masa Ba-Komai, don duk abin da aka roƙe shi amsarsa ke nan. In mai guga bai zo ba, shi zai riƙe masa. In mai gadi na zazzaɓi, ba komai. Haka ya tsufa, babu lungun da hannunsa bai taɓa ba.

Sai kamfani ya kawo manhajar kwamfuta mai raba aiki kowace safiya, wai tana ajiye kowa inda ya fi amfani. Kowa ya zauna wurinsa, ban da Kawu. Yau yana yankan yadi, gobe ɗaurin kwali, jibi bakin ƙofa. Kekunan kuwa aka ba wani da gyaran kaɗai ya iya.

Ya sami manaja. "Ranka ya daɗe, me na yi wa na'urar nan?"

"Ai kai ta fi yabo," in ji manaja. "Sauran abu ɗaya suka iya, dole ta bar su a kai. Kai ko'ina ka dace, sai ta cike gurbin da ya rage da kai."

Kawu ya sosa ƙeya. "To ƙarin girma ne, ko horo?"

Manaja ya leƙa kwamfutar, ya ce ba ta faɗa ba.

Rannan jikarsa ta ce, "Kaka, wai mece ce sana'arka?"

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. "Bari gari ya waye, amarya, in je in tambayo."