Ƙofar da Aulis bai gama gwadawa ba

Ranar Litinin da safe, ina cire takalman sanyi a bakin ofis, Marjut shugabarmu ta ce min abokin aikinmu Aulis ya rasu. Bugun zuciya ne, in ji ta, ranar Asabar, yana kwashe dusar ƙanƙara a ƙofar gidan mahaifiyarsa. Na ce to. Na je na ɗora kofi kamar kullum. Fitilar bango tana kore.

Fitilar nan tasa ce. Kamfaninmu a birnin Tampere ke kula da shafin intanet da 'yan haya suke shiga su kai kukan famfo ko rashin ɗumin ɗaki. Aulis ke tsaron ƙofar shafin, inda ake sa suna da kalmar sirri. Shi ya rubuta gwaje-gwajen da na'ura ke yi da kanta duk sanda wani ya taɓa manhajar. Ta zo da kalmar ƙarya, ta zo da tsohuwa, ta yi ta bugawa har a kulle ta. In komai lafiya, fitila kore. In ta yi ja, wanda ya jawo ya sayo wa kowa burodin kirfa. Samarin ofis suna ce masa Maigadi. Nasa burodin yakan raba biyu, ya ajiye min rabi a tebur.

Ni ban iya rubutun manhaja ba. Ni ke buɗe wa sabon ma'aikaci asusun shiga shafin, in rufe na wanda ya tafi. Shekara da shekaru muna cin abincin rana tare, galibi shiru. Ina ƙaunarsa ƙwarai, ya kuma sani.

Na'urar tana nuna masa layukan manhajar da gwaji bai taɓa bi ta kansu ba. Wuri ɗaya ya rage masa: abin da ke faruwa in wanda aka rufe asusunsa ya zo shiga. Ya ce sai ya gani da idonsa kafin ya rubuta gwajin.

Marjut ta ce dole a rufe asusunsa yau, in ba zan iya ba ita za ta yi. Na ce aikina ne. Na zauna da sunansa a gabana har kofina ya huce, sannan na danna. Ba wanda ya zo ya gwada ƙofar.

Aulis ne da kansa ya roƙe ni hakan, tun Juma'a, yana sa hularsa.

"Tuovi, Litinin ki rufe ni, in ga ko ƙofar za ta ƙi ni."

"Da murna, tsoho. Ma huta da kai."

"Ki dai buɗe ni kafin abincin rana."

"Sai in ka zo da burodi."