Shekara Tara Bayan Malam Ilu, Na Koma Kan Tabarma

Shekara tara ke nan da muka kai Malam Ilu makwancinsa. Shi ne shugabanmu, mu malaman gona, lokacin da aka fara tura ni ƙauyukan wajen Tsanyawa, kuma aminina ne har ya koma ga Allah.

Yana da wata ɗabi'a da ke ba mu haushi a lokacin. In muka je taron manoma, sai ya tuɓe takalmi ya zauna cikinsu a tabarma, ya bar ka tsaye kana zufa. Dattijo na tambayarsa maganin tsutsar gero, sai ya nuna ka da haɓa: "Ga malaminku nan, shi ya san gonarku." In ka yi kuskure ba ya gyara ka gaban jama'a. Sai a kan babur, muna komawa, zai tambaye ka abin da za ka sauya in an sake. Mu muna ganin son jiki ne, ashe mara ya sakar mana. Kafin damina biyu manoma har gida suke bin mu, mu ma ba ma jiran a aike mu.

Yau ni ne a kujerarsa, kuma kunya ce ta sa ni wannan rubutu. A daminar bana Nura, yaro mai ƙwazo da ke ƙarƙashina, ya ga tsutsa ta faɗa wa masarar wani ƙauye. Ya san maganin, ya san feshinsa. Ina Kano wajen taro, wayata a kashe. Bai ce wa manoma uffan ba har na dawo, ganyen masara kuwa ya riga ya zama rariya. Na hau shi da faɗa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yallaɓai, kai ka ce kada wanda ya buɗe baki a ƙauye sai da izininka."

Ni kuwa na faɗa, wai don kada a ɓata min suna. Garin neman gira na rasa ido, kuma rumbunan bayin Allah ne suka biya. Da Malam Ilu na nan ba zai yi min faɗa ba. Tambayar nan tasa ta kan babur zai yi min, kuma ta fi faɗa ciwo.

Makon jiya mun koma ƙauyen. Na tuɓe takalmi na zauna a tabarma. Da mai unguwa ya tambaye ni yadda za a yi baɗi, na nuna Nura da haɓa. Yaron ya juyo yana kallon bakina, yana jiran in ba shi izini.

Allah ya jiƙan Malam Ilu, ya sa ya huta. Abin da ya bar mana bai mutu ba, amma a hannuna ya kwanta ciwo.